In Ci Gaba Da Gyaran 406 Ɗina Ko In Rabu Da Ita?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sani su faɗa mini gaskiya tsakani da Allah. Ina da Peugeot 406 mai giyar hannu, na saye ta a wajen wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ta yi mini hidima sosai. Amma tun ƙarshen damina ta fara shan ruwa. In na cika lagireto da safe a Kano, kafin in kai Gwarzo allurar zafi ta fara hawa. An canza murfin lagireto, an wanke lagireton, an sa sabon famfon ruwa, har fanka an haɗa ta kai tsaye yadda da an tayar da mota take juyawa. Duk gyaran da aka yi sai ta ɗan lafa ta dawo. Yanzu makanikina ya ce inji ya gaji, a sauke shi a ɗora na Beljiyam. Kuɗin da ya faɗa ya haura albashina na wata uku, ni malamin makaranta ne. Dillali kuma ya zo ya duba ta, tayin da ya yi ko rabin kuɗin wata mota mai lafiya bai kai ba. Mahaifiyata tana Malumfashi, jikinta sai a hankali, nakan je duba ta, wani lokaci in ɗauko ta zuwa asibiti a nan Kano. In zuba kuɗin nan ko in sayar?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam, ka sayar. Motar da ta fi kwana a gareji a kan ƙofar gida ta gama yi maka aiki. Yau inji, gobe giyabos, jibi wuta. Ka karɓi abin da ya samu tun tana tashi da kanta, don ranar da aka fara jan ta da igiya 'yan gwangwan ne kaɗai za su taya.

Alhajin Kwari:
Abu Sadik, ya sayar ya sayi me? Wannan shawarar ta shekaru goma baya ce, lokacin da mutum zai sayar da tsohuwa ya ɗan cika ya hau 'yar Kwatano. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, sai ta tashar jirgin ruwa. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma da farashin dala kwastan suke lissafin kuɗin fito. Motar da ta shigo bayan nan ba ta ƙaramin ma'aikaci ba ce. Abin da kuɗin Malam zai iya saya shi ne tsohuwar motar wani, wadda shi ma mai ita gajiya ya yi da ita ya sa aka fesa mata fenti aka kai wa dillalai. Gara ciwon da ka san kansa.

Abu Sadik:
Ranka ya daɗe ban musa tsada ba. Amma tsadar nan ai ta shafi kayan gyara ma. Shi injin Beljiyam ɗin da me ake shigo da shi in ba dala ba?

Alhajin Kwari:
Haka ne. Amma kuɗin inji daban, kuɗin mota daban.

Baba Makaniki:
Salamu alaikum. Ku ɗan dakata da maganar saye da sayarwa, don har yanzu babu wanda ya san abin da yake damun motar nan, har shi wanda ya ce a sauke inji. Ni a Kaduna na koyi aiki, a hannun mutanen da suka yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri, wanda ya fara fitar da 504 tun 1975. Abu na farko da suka koya mana shi ne ba a kwance abin da ba a gwada ba.

Ɗana Baban Hanif, amsa mini waɗannan. In ka tayar da ita da sassafe, farin hayaƙi yana fita ta salansa ya daɗe bai ɗauke ba? In ka zaro sandar duba baƙin mai, ko ka buɗe murfin da ake zuba shi, man yana nan baƙi ko ya koma kamar shayi mai madara? In inji yana sanyi ka buɗe wajen zuba ruwa ka tayar, kana ganin kumfa tana tasowa ba tsayawa? Tana cin baƙin mai tsakanin juye da juye? Akwai ƙarar bugu daga ƙasan inji in ka taka totur?

Baban Hanif:
Baba, na gode. Farin hayaƙi akwai da safe, har takan ɗan yi rawa kafin ta daidaita. Kumfa ma na gani da idona ranar da ake wanke lagireto. Baƙin mai kuwa launinsa bai canza ba, kuma ba ta cin sa, daga juye zuwa juye ban taɓa ƙari ba. Bugu babu, in ta ɗau hanya lafiya lau take gudu sai dai zafin.

Baba Makaniki:
To alhamdu lillahi. Injin da ya gaji yana cin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa yana raguwa a hawa. Naka bai nuna ko ɗaya ba. Abin da ka faɗa ya fi kama da gaskit ɗin tof silinda, wato kan injin da ya rufe silindodi ta sama, ya ƙone. Wannan gaskit ɗin shi ne ya raba tsakanin inda wuta take ci, da hanyar ruwa, da hanyar mai. In ya fashe ta gefen ruwa, iskar konewa tana kutsawa cikin ruwan, ita ce kumfar da ka gani, tana tura ruwan waje. In ka kashe mota kuma ruwan yana tsiyaya cikin silinda cikin dare, shi ne rawar safe da farin hayaƙin. Ko lagireto goma ka canza ba zai daina ba.

Ban ce tabbas shi ne ba, don ban ga motar ba. Amma gano shi ba wuya. A cire filogi huɗun a jera su, wanda ruwa yake shiga silindarsa za ka gan shi fes kamar an wanke, sauran da ɗan duhunsu. Sannan a ɗaura agogon gwajin matsi a kowace silinda a rubuta abin da ya nuna. In huɗun sun yi kusa da juna, ko ɗaya ce kawai ko biyu maƙwabta suka faɗi, da alama ƙasan injinka yana da rai. Sai a ɗaga tof, a kai wa masu injin gogewa su auna ko zafi ya lanƙwasa shi, su duba tsagewa, su goge in da buƙata, a sa gaskit mai kyau, a ɗaure kusoshin da makulli mai awo bisa tsarinsu, ba da ƙarfin damtse ba. Wannan aikin bai kai kusa da kuɗin inji ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fankar da aka haɗa kai tsaye. Na tabbata in ka duba za ka tarar an cire tamostat ma, wato abin da yake tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗauki zafi, don tare ake yin su. Ana cewa wai ƙasarmu da zafi, na Turawa ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafi wajen digiri 90. In ka hana shi kaiwa nan, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta riƙa ƙara fetur. Ka ɓoye ciwo, ka ƙara wa kanka kuɗin mai. Haka ruwan rijiya da ake ɗurawa a lagireto, shi yake kawo tsatsa da ƙanzo ya toshe ƙananan hanyoyin. A sayi ruwan sanyaya inji mai launi na galan.

Abu Sadik:
Baba, da girmanka, amma makaniki ai ba zai taɓa cewa a sayar da mota ba. Abincinku ne. Mu da muke biya mu muka san yadda "ɗan gyara kaɗan" yake zama.

Baba Makaniki:
Ɗana, da abinci nake nema da na ce a ɗora inji, don a nan kuɗin yake. Kuma na sha cewa mutane su sayar. In shasi ya ruɓe, ko mota ta taɓa yin mummunan hatsari aka miƙe ta da wuta har taya tana cin gefe ɗaya duk yadda aka saita, ko wayoyinta sun sha yanka da ɗauri har ba a gane kansu, ni da kaina nake ce wa mai ita kada ya ƙara sisi. Inji ana canzawa, giyabos ana canzawa. Ƙashin mota ne ba a canzawa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, a tsaya kan shawara. Abu Sadik, Baba dattijonmu ne a nan, kuma kyauta yake ba mu iliminsa.

Abu Sadik:
Allah ya ba da haƙuri Baba, ba da kai nake ba. Abin da na gani ne yake ci mini rai. Maƙwabcina sai da ya sayar da filinsa a kan gyaran mota, ƙarshe motar tana nan a zaune kan duwatsu.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Duk kuna ta maganar kuɗi, ni hankalina yana kan Hajiya. Malam ya ce yana ɗauko mahaifiyarsa marar lafiya daga Malumfashi. Wanda ya san hanyar Gwarzo zuwa Dayi ya san akwai wuraren da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gari ba, kuma kowa ya san halin da ake ciki na tsaro a wannan yankin. Mota ta tafasa da kai da la'asar sakaliya, ga tsohuwa a baya, ga rana tana faɗuwa, wannan ba abin da ake lissafawa da naira ba ne. Mu mata mu muke zaune a bayan motar da yara in ta mutu, mu muka san yadda zuciya take bugawa. Ban ce ka sayar ba, ban ce ka gyara ba. Amma don Allah Malam, daga yau kada ka sake ɗaukar Hajiya a cikinta sai an gano matsalar kuma an gwada ta an tabbatar. In ta kama ka ɗauki shata ka ɗauka, ko ku shiga motar tasha da safe.

Baban Hanif:
Hajiya, wallahi wannan shi ne abin da yake hana ni barci. Allah ya saka da alheri.

Direban Tasha:
Maman Ilham ta yi gaskiya. Ni wannan hanyar nake bi, lodi nake ɗauka. Amma in faɗa muku, motocin da muke aiki da su a tasha da yawansu sun girmi ta Malam. Golf 3 ɗin da kuke gani cike da mutane da buhuna a kan hanyoyin nan ƙirar shekarun 1990 ce. Tsufa ba shi yake tsayar da mota a daji ba, sakaci ne. Mu kullum da asuba sai mun duba ruwa da mai da taya kafin fasinja na farko ya shiga. A but ɗina akwai galan ɗin ruwa, da fanbel, da fis, da guntun tiyo. Kuma Malam, in allura ta hau, ka tsaya nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba. Wannan ƙarasawar ita take mayar da gyaran gaskit ya zama sayen inji. Kada kuma ka buɗe murfin ruwa da zafinsa, na ga yaron mota da ya ƙone tun daga hannu har ƙirji.

Malama Akanta:
Bari in shigo ta ɓangaren lissafi, don aikina ke nan. Malam, kuɗin famfon ruwa da wankin lagireto da sauransu sun riga sun tafi, ko ka sayar ko ka riƙe ba za su dawo ba. Mutane da yawa suna cewa "na riga na kashe mata da yawa, ba zan bar ta ba", wasu kuma "na kashe da yawa, na gaji". Duka biyun baya suke kallo. Abin tambaya shi ne daga yau zuwa shekara ɗaya ko biyu, wace hanya ce za ta fi yi maka sauƙi.

Ka ɗauki takarda. Ka sa makanikin da ka yarda da shi ya shiga ƙarƙashinta ya faɗa maka duk abin da yake jiran lalacewa, kulochi, shokozoba, birki, taya, batir, ba inji kaɗai ba. Ka tara kuɗin ka raba a kan wata goma sha biyu. A ɗaya gefen ka rubuta abin da kai da iyalinka za ku kashe a wata in babu motar: adaidaita sahu zuwa makarantarka, kai yara da ɗauko su, cefane, asibiti, zuwa Malumfashi. Ka tuna tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, don haka babu wata hanya mai araha da ta rage. Amma ka yi adalci, ka sa fetur a gefen motar. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Akwai abokan aikina da suka yi wannan lissafin suka ajiye mota mai lafiya ƙalau, sai ranar Juma'a da tafiyar gida suke fito da ita. Wannan ma hanya ce ta uku da ba wanda ya ambata: a gyara ta, amma a rage hawanta.

Ɗan Autan Zaure:
Yayana, me zai hana ka mayar da ita ta gas? Tun 2023 gwamnatin tarayya take da shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas, kuma ya fi fetur araha nesa ba kusa ba.

Baba Makaniki:
Auta, ba yanzu ba. Ba a ɗora gas a kan injin da yake tafasa. Sai ya warke tukuna. Sannan tukunyar tana cinye rabin but, kuma sai ya duba ko akwai inda zai riƙa sha a kan hanyarsa, don gidajen sayar da shi ba su kai na fetur yawa ba ko kusa. In ma za a yi, a je wajen waɗanda aka horar, da tukunyar da aka ƙera don mota. Kada wani ya kuskura ya sa masa ta girki ko wadda mai walda ya haɗa.

Alhajin Kwari:
Wani abu kuma, in an gwada aka ga dole sai inji. Ba a cinikin biri a sama. Injin Beljiyam yana zaune a ƙasa cikin shago, babu wanda ya san tafiyar da ya yi a can, babu wanda ya ji kukansa. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko Panteka a Kaduna, ko a aiko maka daga Ladipo ta Legas, ka je da makanikinka, ku yi sharaɗi a gaban shaidu cewa in an ɗora bai yi ba cikin kwanakin da kuka yanka za a canza maka. A rubuta lambar injin a jikin rasit, don gobe in jami'ai sun tare ka lambar da ke takardunka ba za ta yi daidai da ta jikin mota ba. Kuma kada ka bar tsohon injinka a gareji, naka ne, yana da kuɗinsa.

Baba Makaniki:
Alhaji ya cika magana. In ƙara ɗaya: ko gaskit aka yi ko inji aka ɗora, a sa sabon taimin bel, wato bel ɗin da yake daidaita motsin fistin da na bawul, da abin da yake ɗame shi a lokaci guda. A irin wannan injin in bel ɗin ya tsinke kana tafiya, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, an koma gidan jiya. Tunda an riga an kwance wajen, kuɗin aiki ɗaya ne.

Malam Na Masallaci:
Allah ya yi muku albarka. Ni abu ɗaya zan ja hankalin ɗan uwana a kai. Na ga mutane da yawa sun sayar da tsohuwar mota cikin fushi, suka je suka ci bashi mai ruwa don su hau wadda ta fi ta, albashi yana shigowa ana zaftare shi tun kafin ya kai gida. Ka guji wannan. In har ta kama sai an canza, akwai adashi, akwai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa waɗanda suke sayen abu su sayar maka da ribar da aka sani tun farko ka biya a hankali. Kuma in za ka sayar, wajibi ne ka bayyana aibinta. Kada ka bari dillali ya cika mata ruwa ya zagaya da mai saye cikin unguwa ya ce lafiyarta ƙalau. Wanda zai saya shi ma wataƙila mahaifiyarsa zai ɗauka a ciki.

Abu Sadik:
Wannan gaskiya ne Malam. Ni har yanzu ina kan bakana cewa motar da ta wuce shekara ashirin ba abin dogaro ba ce ga mai marar lafiya. Amma na yarda a gwada kafin a yanke. Sai dai Baban Hanif ka yanka wa kanka iyaka tun kafin a ɗaga tof: in ya wuce kaza, na tsaya. Don in an buɗe inji an baza shi a ƙasa, ba ka da bakin cewa a'a.

Malama Akanta:
Wannan iyakar ita ce mafi muhimmanci a duk abin da aka faɗa. Ka rubuta ta, ka faɗa wa Maman Hanif ta zama shaida.

Baban Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na leƙa yanzu da fitilar waya, tabbas babu tamostat, an cire. Ƙasanta kuwa babu ruɓa, kuma dattijon da na saya a wajensa bai taɓa yin hatsari da ita ba, unguwarmu ɗaya. Ba zan bari a sauke inji ba sai an yi gwajin da Baba ya faɗa. Matsalata makanikina ba shi da agogon, kuma ina jin nauyin kai ta wani gareji, mun daɗe tare.

Baba Makaniki:
Ba sai ka bar shi ba. Ka ce masa ku je tare wajen mai agogon, ya gani da idonsa, shi ma ya ƙaru. In mutumin kirki ne ba zai ƙi ba. Kada ka tuƙa ta da nisa zuwa can, ka cika ruwa, ka fita da sassafe, idonka a kan allura. Ka ɗauki hoton filogi huɗun a jere yadda aka ciro su, da lambobin da agogon ya nuna na kowace silinda, ka turo nan mu duba kafin kowa ya sa sifana a kan tof.